Gobarar da Ruwa Ke Ƙara wa Ƙarfi

 

In aka yi ihun gobara a unguwa, kowa bokiti yake rarumowa, kuma galibi hakan ne daidai. Katako, katifa, zana, takardu da tufafi duk ruwa ne maganinsu. Amma akwai wasu sinadarai da in suna wurin, bokitin nan shi ne zai mai da ƙaramar wuta babbar masifa. Su za mu duba a wannan makon, tare da yadda 'yan kwana-kwana ke tunkararsu.

Mu fara da abin da muka koya tun a ƙaramar sakandare. Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: abin ƙonawa, zafi, da iskar oksijin. In aka cire ɗaya, ta mutu. Aikin ruwa shi ne cire zafin. Kafin ya zama tururi yana shanye zafi mai yawa, tururin kuma ya tare iska daga bakin wutar. Ga shi da araha, ga shi a ko'ina. Shi ya sa motar kwana-kwana ke yawo da tanki.

Sai dai mu tuna shi kansa ruwan haɗi ne na abu biyu, haidirojin da oksijin. Haidirojin gas ne mai saurin kamawa da wuta, oksijin kuma shi ke rura ta. Muddin suna ɗaure da juna, lafiya lau. Matsalar ita ce akwai sinadaran da ke iya kwance wannan ɗaurin.

Duk wanda makarantarsu ke da ɗakin gwaje-gwaje, ya duba kwalbar sodiyam, zai tarar an nutsar da shi cikin mai irin kananzir. Dalili kuwa, da ya taɓa ruwa sai ya ƙwace oksijin ɗin, ya saki haidirojin, kuma ya fitar da zafin da zai iya kunna wannan gas ɗin. Ɗan guntu kamar ƙwayar gero yakan yi ta zagaye a kan ruwa yana huci. Babban gutsure kuwa fashewa yake yi. Shi ma magnisiyam, in ya kama da wuta zafinsa yakan kai ya fasa ruwan da aka watsa masa, sai wutar ta ƙara haske da ƙarfi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne kabayid, wannan dutse mai ruwan toka da masu walda da masu gyaran jikin mota ke sa wa a tukunya. Suna ɗiga masa ruwa kaɗan kaɗan, ya riƙa fitar da gas mai suna asitilin, wanda da shi suke yanka ƙarfe. Bari mu yi lissafi. Kilo 1 na kabayid ɗin kasuwa yakan ba da wajen lita 300 na asitilin. Asitilin kuwa in ya kai kashi 2.5 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ke nan lita 300 za ta iya gurɓata lita 12,000 ta iska, wato cikin ɗan shago mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, da tsayin mita 3. Wannan kilo 1 ke nan. Ku ƙiyasta ganga guda, sannan ga mutum ya sakar mata mesa.

Ba tatsuniya ba ce. Ranar 12 ga Agusta, 2015, wajen ƙarfe 10:50 na dare, wuta ta tashi a wani babban siton sinadarai na kamfanin Ruihai da ke tashar jiragen ruwa ta birnin Tiyanjin, kusa da Beijin, a ƙasar Sin. 'Yan kwana-kwanan tashar suka iso cikin 'yan mintoci, suka ga kwantenoni na ci, suka yi abin da aka saba, suka saki ruwa. Babu wanda ya ba su cikakken bayanin abin da ke jibge a wurin. Ga abin da hukumomi suka bayyana daga baya: wajen tan 800 na amoniyam naitiret, wanda ake takin zamani da shi kuma yake iya fashewa, wajen tan 700 na gubar sodiyam sayanaid, da ɗaruruwan tan na kayan da suka haɗa da sodiyam da magnisiyam. Rahotanni sun ambaci kabayid ma.

Wajen ƙarfe 11:34 wurin ya fashe. Bayan kimanin daƙiƙa 30 ya sake fashewa, wannan karon da ƙarfin da ya ninka na farko sau da yawa, har na'urorin auna girgizar ƙasa suka ɗauka. Mutum 173 suka rasa rayukansu, 104 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne. Wasunsu ba su kai shekara 20 ba, wato tsaranku ko yayyenku. Kusan mutum 800 suka ji rauni, dubban sababbin motoci da ke ajiye suka ƙone ƙurmus.

Binciken gwamnati da ya fito a 2016 ya nuna cewa wutar ta faro ne daga wani sinadari mai suna naitiroselulos, wanda ya bushe cikin kwantena saboda zafin rana ya kama da kansa, sannan ta kai ga amoniyam naitiret, shi ya haddasa babbar fashewar. Amma tun a kwanakin farko masana suka ja hankali a kan haɗarin watsa ruwa inda ake ajiye da kayan da ba sa shiri da shi. Washegarin fashewar ma sai da aka dakatar da aikin kashe wutar na wani lokaci, don ba a san takamaiman abin da ya rage a wurin ba. A ƙarshen 2016 kotu ta hukunta mutum 49, jami'an kamfani da ma'aikatan gwamnati. Waɗannan samari jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba. Bayani suka rasa, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

To, yaya ƙwararren ɗan kwana-kwana ke yi in an kira shi wurin da ake zaton akwai sinadarai? Ba mesa yake fara kamawa ba. Yakan tsaya daga nesa, ta ɓangaren da iska ke busowa, kuma a kan tudu in da hali, don kada hayaƙi ko abin da ya malalo ya same shi. Daga nan yake karanta alamun da ke jikin ganga ko mota. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, kayan da ke fitar da gas mai kamawa in sun jiƙe suna ajin 4.3, kuma alamarsu shuɗiya ce mai kusurwa huɗu, da hoton harshen wuta a sama da lamba 4 a ƙasa. Kowane sinadari ma da tasa lambar: kabayid 1402, sodiyam 1428. A Turai motocin dakon sinadarai na ɗauke da allo ruwan lemo, in lambar saman ta fara da harafin X, ma'anarta kada a kusanto da ruwa. A Amurka kuma akan ga harafin W da aka ja wa layi a tsakiya a jikin gini ko tanki.

Bayan alamu, sai ya nemi direba ko mai sito da takardun kaya. Sannan ya duba littafin jagora. Akwai wani sananne mai bango ruwan lemo da ma'aikatun sufuri na Amurka da Kanada da Meziko ke sabuntawa duk shekara 4. Ga kabayid da sodiyam, littafin ya hana ruwa, ya hana kumfar kashe gobara, domin ita ma yawancinta ruwa ne. Abin da ya yarda da shi shi ne busasshen yashi ko busasshiyar hodar kashe wuta. In kuma tanki ko taragon jirgin ƙasa ne ke ci, a kwashe mutane har nisan mita 800 ta kowace fuska. Wani lokaci ma shawarar da ta fi ita ce a ja baya, a bar abin ya ƙone da kansa, a mai da hankali wajen kare gidajen maƙwabta.

Mun san a kasuwanninmu da unguwanninmu, in motar kwana-kwana ta iso ba ta saki ruwa nan take ba, sai jama'a su hau surutu, wani lokaci har da jifa. Mu da muka shiga aji, bai kamata a gan mu cikin masu jifan ba. Mintin da jami'i ya ɗauka yana tambayar abin da ke cikin shago, wataƙila shi ne zai tsirar da layin gaba ɗaya.

Kada mu ɗauka waɗannan kaya sai a manyan tashoshin jiragen ruwa. Da yawa cikinku kuna zuwa koyon walda ko gyaran mota bayan an tashi daga makaranta, kuma kabayid na nan a gefen ku. Wasu masu sayar da ayaba da mangwaro ma suna amfani da shi wajen nunar da kaya, duk da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Akwai kuma ƙwayar nan mai ruwan toka da ake sa wa a buhun wake ko masara don kashe ƙwari. Da ta sha danshi sai ta saki gas mai guba da ake kira fosfin, wanda ke kashe mutum, kuma yana iya kamawa da wuta. Bai halatta a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa masa ita ba.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. A ajiye kabayid cikin gwangwani mai murfi, sama da ƙasa, inda rufi ba ya yoyo. A tanadi bokitin busasshen yashi a kowane shagon walda da ɗakin gwaje-gwaje, a rufe shi kada damina ta jiƙa shi. In wuta ta tashi inda waɗannan kaya suke, a fita, a hana masu bokiti matsowa, a koma ta inda iska ke busowa. A kira 112 ko lambar hukumar kashe gobara ta jiha, kuma a faɗi sunan abin da ke ciki tun a waya. In motar ta iso, wanda ya san kayan shagon ya je wurin shugaban ayarin ya gaya masa, ko da kuwa yaron shago ne. Kada tsoron faɗan maigida ya sa a yi shiru.

Aikin gida: ku roƙi malamin kemistiri ya nuna muku kwalaben ɗakin gwaje-gwajenku da ba a kusantar su da ruwa, ku kuma duba ko akwai yashi a bokitin da ke bakin ƙofa.

Tambayar mako kuwa ta 'yan ajin kimiyya ce. In giram 64 na tsantsar kabayid na ba da lita 22.4 ta asitilin, lita nawa giram 160 zai bayar? Za mu kawo amsa da sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Allah Ya tsare mu daga gobara, Ya kare 'yan kwana-kwananmu. Sai mako mai zuwa.