Bunsurun Shikago da masu cin abinci da la'ana



Yau zan kai ku filin wani wasa da yawancinku ba ku taɓa kallo ba. A Amurka ana yin wasan da ake kira besbol. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da sanda ya ruga a guje, 'yan ɓangaren mai jifa kuma suna baje a fili suna neman cafke ta. Ana yin zagaye 9, a kowane zagaye sai an fitar da mutum 3 daga masu duka kafin a juya. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum ke nan daga bazara har kaka ta ƙare. Mai goyon bayan ƙungiyar besbol da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Ƙungiyar Cubs ta birnin Shikago ta ɗauki babban kofinsu, wanda ake kira World Series, a 1907 da 1908. Daga nan ba ta sake ɗauka ba sai 2016. Shekara 108 cif. Lokacin da ta ɗauka a 1908, da sauran shekara 6 kafin Turawa su haɗe Arewa da Kudu su zama Najeriya ɗaya. An haifi mutane a Shikago, iyayensu sun kai su filin Wrigley suna yara, sun girma, sun kai nasu 'ya'yan da jikoki, an binne su, ba su ga kofin ba. Ernie Banks, ɗan wasan da suka fi ƙauna, ya yi kaka 19 a ƙungiyar, bai taɓa buga ko wasa ɗaya na zagayen neman kofi ba, ya rasu a Janairun 2015.

Ba ni da faɗa da haƙurin waɗannan mutane. Wanda ya riƙe ƙungiya ɗaya tsawon ransa tana ba shi kunya, ya fi wanda yake sauya riga duk shekarar da kofi ya sauya gida. Faɗana da bayanin da suka ba kansu ne. Sun ce la'ana ce.

Ga labarin. A ranar 6 ga Oktoba, 1945, Cubs tana karawa da Detroit Tigers a gasar ƙarshe. Wani ɗan ƙasar Girka mai suna William Sianis, mai gidan giyar da ake kira Billy Goat Tavern, ya zo kallo da bunsurunsa mai suna Murphy, har da tikitin bunsurun a hannu. Aka kore su saboda wari. Sai aka ce ya fusata ya ja wa ƙungiyar baki, cewa ba za ta ƙara yin nasara ba. Cubs ta sha kashi a gasar, ba ta kuma sake kaiwa wasan ƙarshe ba har shekara 71.

To, ku ɗauki biro ku yi lissafi. Daga 1908 zuwa 1945 shekara 37 ne. A cikin shekarun nan Cubs ta kai wasan ƙarshe a 1910, 1918, 1929, 1932, 1935 da 1938, duk ta faɗi. Wane bunsuru ne ya jawo waɗannan shida? Ba a ma haifi kakan Murphy ba lokacin da aka fara wannan fari. Wanda na san ya amfana da labarin shi ne gidan giyar, don sunansa ya zaga Amurka, baƙi suna zuwa su ci su sha su ɗauki hoto.

Dalilan faɗuwar kuwa ba a ɓoye suke ba, a rubuce suke. Jackie Robinson ya buɗe wa baƙar fata ƙofar manyan ƙungiyoyi a 1947, amma Cubs ba ta saka baƙar fata a fili ba sai Satumbar 1953, bayan wasu sun riga sun kwashi gwanaye. A 1961 da 1962 mai ƙungiyar, Philip Wrigley, attajirin cingam, ya ce ba ya son koci ɗaya, sai dai rukunin masu horarwa su riƙa karɓa-karɓa. Jirgi ɗaya matuƙa barkatai. A 1962 sun faɗi wasa 103. A 1964 suka ba St. Louis Cardinals wani saurayi mai suna Lou Brock, suka karɓi mai jifan da hannunsa ya riga ya lalace. Brock ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan tarihi, ya ɗauki kofi da Cardinals a shekarar nan ɗin. A 1992 Greg Maddux ya karɓi kyautar gwanin masu jifa, suka bar shi ya tafi Atlanta, can ya ƙara karɓar kyautar sau 3 a jere. Kowane ɗayan waɗannan, mutum ne ya zauna a ofis ya sa hannu. Amma muddin ana zancen bunsuru, ba mai tambayar wanda ya riƙe biron.

Da yake cutar ta ƙarya ce, maganin ma haka ya zama. An sha jawo awaki a zaga da su filin Wrigley. A 2007 wani ya rataye yankakken bunsuru a jikin mutum-mutumin da ke ƙofar filin, Arizona ta lallasa su wasa 3 a jere. A 2008, bayan sun ci wasa 97, aka kawo firist na Ikkilisiyar Otodoks ta Girka ya yayyafa ruwan tsarki a rumfar da 'yan wasa ke zama. Los Angeles Dodgers ta lallasa su wasa 3 a jere. Wannan ya fi yi mini ciwo, don bawan Allah ne aka mai da shi boka, shi kuma ya yarda. A 2013 aka aika wa mai ƙungiyar kan akuya a cikin kwali.

Da abin ya tsaya kan awaki da ruwa, da na yi dariya na wuce. Amma camfi ba ya ƙoshi da dabba. Wata rana sai ya nemi mutum.

Daren 14 ga Oktoba, 2003. Cubs tana karawa da Florida Marlins, wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7 shi zai je World Series. Cubs ta ci 3, Marlins 2. A wasa na shida, a gida, Cubs tana gaba da maki 3 da babu, an shiga zagaye na 8. Saura mutum 5 su fitar, shi ke nan fari na shekara 58 ya ƙare. Sai Luis Castillo na Marlins ya daki ƙwallo ta yi sama ta karkata gefe, wajen kujerun 'yan kallo. Moises Alou na Cubs ya ruga ya yi tsalle a jikin katanga. 'Yan kallo da dama suka miƙa hannu, kamar yadda kowane ɗan kallon besbol yake yi idan ƙwallo ta nufo shi, don a al'adarsu wanda ya cafke tasa ce. Ta taɓa hannun wani saurayi ɗan shekara 26, ta faɗi. Alou ya buga safar hannunsa cikin fushi. Alƙalin wasa ya ce ba laifi, ƙwallon ta riga ta shiga ɓangaren 'yan kallo.

Ku lura da kyau: a wannan lokaci ko maki ɗaya Marlins ba ta ci ba. Har yanzu 3 da babu ne. Abin da ya biyo baya, 'yan wasan da ake biya miliyoyin daloli ne suka yi shi. Mai jifa Mark Prior ya rikice, koci bai yi saurin sauya shi ba. Aka buga wa Alex Gonzalez ƙwallo mai sauƙi wadda da ta iya rufe zagayen, ta kuɓuce masa. Kafin a ankara Marlins ta zuba maki 8. Washegari kuma akwai wasa na bakwai, a gida, Cubs ta yi gaba da 5 da 3, ta ƙare da faɗuwa 9 da 6. Saurayin nan ba ya ma cikin filin.

Amma shi aka zaɓa. Tun yana zaune aka fara nuna shi da yatsa, ana zagi, ana watsa masa giya, ana jifansa da shara. Masu gadi suka fitar da shi ya rufe fuska da riga. Kafin wata rana ta faɗi an baza sunansa da wurin aikinsa da unguwarsu, har sai da 'yan sanda suka tsare ƙofar gidan iyayensa. Gwamnan jihar Illinois na lokacin, maimakon ya tsawatar, ba'a ya yi cewa yaron ya nemi shirin gwamnati na ɓoye shaidu. Ni ba zan rubuta sunansa ba, an rubuta ya isa. Mutum ne da yake koya wa yara besbol a unguwarsu, mai ƙaunar Cubs tun yana ƙarami. Ya fitar da takardar neman gafara, ya ƙi hira da 'yan jarida, ya ƙi kuɗin talla, kyaututtukan da aka aiko masa ya ce a kai wa gidauniyar masu ciwon sukari. Ita kuwa ƙwallon, wani gidan abinci ya saye ta a gwanjo kan dala fiye da 113,000, aka tarwatsa ta a gaban kyamara a Fabrairun 2004, daga baya aka dafa ɓurɓushin aka sa tururin a miyar taliya aka sayar. Kun ga kasuwa.

A makarantar tauhidi mun daɗe a kan Littafin Firistoci sura 16. A Ranar Kafara babban firist yana ɗora hannu a kan bunsuru mai rai, ya furta laifofin jama'a a kansa, a kore shi jeji. Abu biyu ne a nan. Dabba ce ake kora, kuma kafin a kore ta sai jama'a sun yarda cewa laifin nasu ne. Taron Shikago ya juya duka biyun. Sun kori mutum, sun kuma yi haka ne don kada kowa ya amsa nasa.

Yanzu bari in dawo gida, don na san wasunku sun riga sun gane inda na dosa. Wannan ciniki yana ci a tsakaninmu, har a kan bagade. Yarinya ta faɗi jarrabawa sau 3, ba a tambayi ko makarantarsu tana da malamin lissafi ba, ba a tambayi awa nawa take yi a waya ba, sai a ce la'anar zuri'a ce, ta kawo sadaka ta musamman a karya. Saurayi ya ci jarin shagonsa, sai wani mai kiran kansa annabi ya ce ya duba cikin dangi, akwai tsohuwar da ta ɗaure shi. Daga ranar ba mai kai wa kakarsa tuwo. Gwauruwar da mijinta ya mutu da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, a ce ita ta cinye shi. Kullum wanda ba shi da mai tsaya masa ake zaɓa. Ban taɓa jin an ce mai kuɗin ikkilisiya ne maye ba.

Wani zai ce, Fasto, ai Littafi Mai Tsarki ya yi maganar la'ana. Ya yi. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a sura 28 ku karanta da kanku, za ku ga a kan rashin biyayyar da mutane suka sani suka kuma aikata aka rataya ta, ba a kan bakin wani mai gidan giya da ya ji haushi ba. Ezekiyel sura 18 ta hana a ɗora wa ɗa laifin ubansa. A Yahaya sura 9 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka shiga neman mai laifi, shi ko iyayensa, Ubangiji ya ƙi duka biyun. Galatiyawa sura 3 kuma ta faɗi wanda ya ɗauki la'anar a madadinmu. Duk wanda ya ce maka da saura, kuma shi kaɗai ya san kuɗinta, ka riƙe aljihunka.

To me ya kawo ƙarshen farin Shikago? Iyalin Ricketts suka sayi ƙungiyar a 2009. A Oktobar 2011 suka ɗauko Theo Epstein, wanda yake shugabantar harkar 'yan wasa a Boston Red Sox lokacin da ita ma ta ƙare nata farin na shekara 86 a 2004. Ita ma, kun ji, la'ana aka ce. Epstein ya gaya wa magoya baya cewa sai sun sha wuya tukuna. Ya rabu da tsofaffin 'yan wasa, ya tara matasa. A 2012 suka faɗi wasa 101, mutane suna zagi. Ya kawo Anthony Rizzo a 2012, Jake Arrieta da Kris Bryant a 2013, koci Joe Maddon da mai jifa Jon Lester a ƙarshen 2014. Shekara 5 ana gini. A 2016 suka ci wasa 103. Ko a wannan shekara mai albarka sun faɗi sau 58, don haka wasan yake: ƙungiyar da ta fi kowa ma tana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin uku, ba tare da kowa ya yi mata asiri ba.

A gasar ƙarshe Cleveland ta yi gaba da wasa 3 da 1, Cubs ta farke. A wasa na bakwai, 2 ga Nuwamba, Cubs tana gaba da 6 da 3 a zagaye na 8, wannan zagayen dai, sai Cleveland ta rama ya zama 6 da 6. Da sun faɗi a daren nan, na tabbata da Murphy ya sake shan zagi, alhali kowa ya ga mai jifansu Aroldis Chapman a gajiye yake saboda yawan aikin da aka ba shi a kwanakin. Ruwan sama ya tsai da wasa minti 17, suka dawo suka ci 8 da 7 a zagaye na 10. A makon nan mutane suka cika katangar filin Wrigley da rubutun alli, sunayen iyaye da kakannin da suka mutu suna jira.

A ranar 31 ga Yuli, 2017, ƙungiyar ta kira mutumin nan na 2003, ba tare da taron 'yan jarida ba, ta ba shi zoben zakarun duniya irin na 'yan wasa, da sunansa a jiki. Shekara kusan 14 ke nan bayan daren da aka watsa masa giya, ya riga ya kusa 40. Sai da aka ci kofi sannan aka ba shi.