Ra'ayinmu: Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙi a Kan Titi

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Issa, ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela a ranar kasuwa, ya san abin da muke nufi. Mai keke ya ɗauro buhun albasa ko jarkokin man gyaɗa yana tafiya a gefen dama, sai babbar mota ta danno masa ham, ta kore shi cikin rairayi. In kuma ta buge shi, tambayar farko da akan ji ita ce: me ya kai shi kan kwalta?

Wannan tambaya ba ta da gindi a doka. Yarjejeniyar zirga-zirga ta duniya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta ɗauki keke a matsayin abin hawa, ta kuma ɗauki mahayinsa a matsayin matuƙi, daidai da direban tirela. Ta wajabta wa masu mota yin ƙarin hattara da masu keke da masu tafiya a ƙasa, da barin isasshen fili idan za su wuce su. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, hannu ɗaya ake bi a ƙasashen biyu, don haka babu wanda zai fake da cewa ƙa'ida ta sauya da ya ƙetare iyaka.

Abin takaici shi ne, wasu daga cikin 'yan sanda da jandarmomin da ke tsaye a shingaye ba su san haka ba, ko kuma sun sani suna kau da kai. Idan aka yi haɗari, sai a yi kashin dankali: mai mota ya wuce, mai keke ya kwashi kayansa da rauninsa, ba a rubuta komai ba. Wani lokaci ma a tare shi a nemi takardun da doka ba ta ɗora masa ba, sai ya ba da na goro. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, buhu guda da ya fashe a titi shi ne jarinsa duka.

Lamarin ba na wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan sanda da na jandarma a ɓangarorin biyu da su koyar da jami'ansu abin da doka ta ce game da keke. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A rubuta kowane haɗari ko da keke ne aka buge, kuma kada a karɓi tara ba tare da rasit ba.

Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin. Yarjejeniyar nan ta ce keke ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa, da fitila a gaba da ja a baya. Ta hana kama jikin mota don ta ja mutum, ta hana lodin da zai hana shi sarrafa kekensa. Amma da yawanmu na dawowa daga kasuwa bayan magariba babu ko tocila. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ya kamata sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi su zauna da jami'an tsaro a kan wannan batu tun kafin kaka ta kama, lokacin da lodi ke yawaita a hanya. Allah Ya kiyaye hanya.