Ganye Ma Yana Kisa: Abin Da Ya Faru Da Maganin Gargajiyar Sin



Akwai maganar da ta zama ruwan dare: "Ai ganye ne, ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba." Ni da nake sana'ar saiwa da sassaƙe nake gaya muku, wannan magana ta kai mutane kushewa.

Ku dubi Sinawa, masu rubutaccen ilimin tsirrai na kusan shekara 2,000. Suna da wata saiwa da suke kira fuzi, daga shukar akonait, ana ba mai sanyi da ciwon gaɓɓai. Ɗanyarta guba ce tsantsa, miligiram 2 na sinadarin cikinta kan kashe ƙaton mutum. Masanansu sun san haka, shi ya sa sai an jiƙa ta, an dafa na awanni kafin dafin ya karye. In dahuwar ta gaza, leɓe da harshe su mutu kamar an yi allurar kashe zafi, amai ya biyo, bugun zuciya ya rikice. Kuma ba ta da makari. A 2017, a San Faransisko ta Amurka, mutum biyu suka sha shayin ganye mai wannan guba, mace ɗaya ta rasu.

Na ƙasar Beljiyam ya fi tayar mini da hankali. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba. Dalili? Tsirrai biyu ne masu suna kusan iri ɗaya, fanji, aka saka mai gubar a madadin ɗayan. Wasu sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya kansar mafitsara ta bayyana. Wannan ba ya nuna alama da wuri, a hankali yake cin ƙoda.

To, mu nan mun san zaƙami, mun san a guje shi. Amma garin da aka niƙa aka zuba a leda da rubutun Sinanci, wa zai gane shi?

Don haka maigida, uwargida, duk shayin rage tumbi ko maganin ƙarfi da ba a rubuta sunan tsirransa ba, kuma babu lambar NAFDAC, ku bar shi a kanti komai arharsa. Wanda ya sha ya ji bakinsa ya mutu, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A wuce asibiti nan take, a riƙe ledar maganin a nuna wa likita.