Agogon da ya fi albashi tsada

A Abuja, sutura kan riga mai ita yin magana. Kafin baƙo ya buɗe baki a Sakatariyar Tarayya, masu tsaron ƙofa sun gama karanta takalminsa, agogonsa da ƙyallin shaddarsa, sun kuma yanke hukuncin ko zai zauna a benci ko za a wuce da shi ciki. Wannan ne ya sa tambarin Louis Vuitton, Hermès da Rolex ya zama tamkar katin shaida a tsakanin manyan ma'aikata da hadiman 'yan siyasa. Sai dai ga mai cin albashi daga baitulmali, irin wannan ado bayanin kadara ne da yake yawo da shi a jiki, kuma jama'a na da haƙƙin tambayar inda ya samo shi.

Ya kamata mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi. A watan Yunin 2024, wata kotu a birnin Milan na Italiya ta sanya wani reshen kamfanin Dior ƙarƙashin kulawarta, bayan bincike ya nuna ana ɗinka wata jaka a kan yuro 53 a hannun 'yan kwangila, a sayar da ita yuro 2,600 a kanti. Mafi yawan kuɗin na suna ne. A Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, farashin wannan jaka ɗaya ya haura abin da ƙaramin ma'aikaci zai karɓa cikin shekara huɗu.

Sunan da ake saye domin a burge mutane kan zama shaida a gaban alƙali. A 2012, an ɗauki hoton Yang Dacai, wani jami'in lardin Shaanxi na ƙasar Sin, yana murmushi a wurin haɗarin mota da ya kashe mutum 36. Masu amfani da intanet suka tono tsofaffin hotunansa, suka ƙirga agoguna masu tsada da albashinsa ba zai saya ba. A 2013 aka ɗaure shi shekara 14 kan cin hanci. A nan gida, a watan Satumban 2019, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati gwala-gwalai da agoguna na kimanin dala miliyan 40 waɗanda EFCC ta danganta da tsohuwar ministar man fetur, Diezani Alison-Madueke.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan batu a duhu ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa jami'in gwamnati bayyana kadarorinsa idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma ranar da ya sauka. Duk dukiyar da ya samu daga baya wadda ba ta yi daidai da halastaccen samunsa ba, ana ɗaukar ta a matsayin ta haram har sai ya kawo hujja. Kundin ya kuma hana karɓar kyauta saboda aikin ofis. Agogon da ɗan kwangila ya aiko ranar sallah yana cikin wannan hani, ko da an naɗe shi da sunan zumunci.

Masu kare wannan ɗabi'a na cewa ado ba laifi ba ne, wasu sun gaji arziki, wasu suna da halastacciyar sana'a kafin shiga gwamnati. Gaskiya ne, kuma mai irin wannan dukiya ba ya tsoron tambaya, domin amsarsa na rubuce a takardar da ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Wanda ke ɗanɗana kuɗar gasar shi ne na ƙasa: hadimin da ke cin bashin ƙungiyar adashi domin ya ɗinka Getzner irin ta maigidansa, da ma'aikaciyar da ke sayen jabun jaka a kasuwar Wuse don kada a raina ta wurin biki. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ma'aikacin da bashi ya shaƙe shi ne ya fi saurin riƙe fayil har sai an ba shi na goro.

Gyaran na hannun na sama. Kundin ya ce a bai wa 'yan ƙasa damar duba takardun bayanin kadara bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Lokaci ya yi da majalisar za ta buɗe wannan ƙofa. Manyan sakatarori da daraktoci kuma su sani cewa na ƙasa da su na kwaikwayon abin da suka gani ana girmamawa. Ranar da ofis ya fara auna ma'aikaci da yawan fayil ɗin da ya kammala a kan lokaci, kasuwar tambari za ta ja baya da kanta.