Dirku: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A ranar 29 ga Disamba 1998 ne Nijar ta kafa dokar da ta amince da manufar ƙasa game da muhalli, wadda ta yi alkawarin sama wa kowane ɗan ƙasa wurin kwana na mutunci. An yi shekaru fiye da 25 da wannan alkawari, gwamnatoci na farar hula da na soja sun zo sun wuce, amma wanda ya tsaya a kasuwar Dirku, cikin Kawar, ya tambayi jama'a ko sun taɓa ganin amfanin wannan doka, da wuya ya sami wanda zai nuna masa ɗaki guda da ta gina.

Laifin yana ga yadda aka yanka rigar tun farko. An ɗinka manufar ne daidai jikin ma'aikacin gwamnati mazaunin babban birni. Kamfanin SONUCI yana gina gidaje yana sayarwa, Bankin Muhalli na Nijar da aka buɗe a 2018 yana ba da bashi, amma dukkansu abin da suke nema a hannun mutum shi ne takardar albashi da takardar mallakar fili. A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2016, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi alkawarin gidaje 25,000 masu sauƙin kuɗi. Abin da aka gina bai kusanci wannan adadi ba, kuma mafi yawansa a Yamai da kewaye ya tsaya. To ina mai dabino, da mai haƙar kanwa, da direban da ke ratsa Tenere za su samo takardar albashi? Duk tsarin da ya mai da albashi mabuɗin gida, ya rufe ƙofa ke nan a fuskar mafi yawan ƴan ƙasa.

Alhali kuwa bukatar Dirku ba ƙarama ba ce. Gari ne da ke kan hanyar Agadas zuwa Libiya, tazarar fiye da kilomita 500 ta rairayi daga Agadas, ba kwalta. Buhun siminti da kwanon rufi da katako duk sai sun ratsa hamada kafin su iso, kuɗin mota ya hau kansu. Shi ya sa mutanen Kawar suka dogara tun kaka da kakanni ga ƙasa mai gishiri da itacen dabino. Irin wannan gini yana tare zafi da iska, amma ba ya jure ruwa: gishiri ya jiƙa, bango ya narke. An ga haka a watan Agusta 2006, lokacin da ruwan sama ya rushe ɗaruruwan gidaje a Bilma, maƙwabciyar Dirku, dubban mutane suka rasa matsuguni. An sake gani a Agadas a watan Satumba 2009. Damina ta 2024 kuma, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, ta nuna cewa ba sauran yankin da zai ce ruwa ba ya zuwa gare shi. A kowane karo abin da aka saba kaiwa shi ne tantuna da barguna da buhunan hatsi, wato ihu bayan hari.

Ga kuma nauyin baƙi. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, dubban masu nema suka kwarara ta Dirku, garin ya cika ya batse. Da aka fara aiki da dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, aka kuma rufe wurin haƙar zinariyar a 2017, sai ciniki ya faɗi, aka bar masu gari da hannu wofi. An soke dokar a watan Nuwamba 2023, motoci suka dawo kan hanya. A watan Janairu 2025 kuma ƴan Nijar fiye da 600 da aka koro daga Libiya, a Dirku aka sauke su. Duk waɗannan shawarwari a Yamai, ko a Turai, ko a Libiya aka yanke su, amma Dirku ce ke neman inda za ta kwantar da mutane. Garin da filin jirginsa ya isa ya ja hankalin Amurka, har jaridun duniya suka ba da labarin jiragenta marasa matuƙi a can a 2018, bai kamata a ce rufin talakansa ya gagari hukuma ba.

Wanda ya fi cancanta ya riƙe wannan aiki shi ne ƙaramar hukuma, domin ita ta san unguwar da ruwa ke kwanciya, ta san gwauruwar da bangonta ya tsage. Mulkin kai na yankuna yana cikin abin da aka yi alkawari a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, an kuma yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yuli 2004. Sai dai an ba su suna an hana su guzuri. Da gwamnati ta tashi miƙa musu ayyuka a 2016, fannoni huɗu ta fara da su: ilimi, lafiya, ruwa da kare kewayen ɗan Adam. Gina gidaje ba ya ciki. Abin da ya rage wa yawancin magadan gari shi ne yanka filaye su sayar don biyan albashi, fegi kuwa ba gida ba ne, kuma mai kuɗi ke sayensa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su, amma shekara da shekaru zaɓaɓɓun jihar Agadas suna kukan bashin wannan kaso. A watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun da jama'a suka zaɓa, aka naɗa kantomomi, wanda idonsa ya fi karkata ga wanda ya naɗa shi.

Masu riƙe da baitulmali za su ce kuɗi ba su isa ba, tsaro ya cinye kasafi, kuma ba dukkan magadan gari ne ke da tsabtar hannu ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma Dirku ba rukunin gidaje masu bene take nema ba. Tallafi take bukata wanda ya dace da aljihunta: harsashi na dutse da zai ɗaga bango daga danshi, shafe da indararo da za su kore ruwa, takardar shaidar fili mai araha, da ƙaramin bashi da za a biya bayan kakar dabino. Fasahar gini ba da itace ba, wadda aka gwada a Nijar tun shekarun 1980 a Cikal da Iferwan, ta nuna cewa magina na gida suna iya koyon rufi mai ƙarko da tubalin ƙasa. Sai a gwada ta da ƙasar Kawar a ga abin da za ta iya. Kuɗin gida guda na zamani a Yamai zai gyara ɗakuna masu yawa a nan. Maganin rashin amana kuwa shi ne a manna sunayen waɗanda aka tallafa wa da adadin kuɗin a ƙofar ofishin magajin gari, kowa ya karanta.

Saboda haka wajibi ne gwamnati ta sa muhalli cikin ayyukan da take miƙa wa ƙananan hukumomi tare da kuɗinsa, ta biya kason ma'adinai a kan lokaci ta ware wani abu daga ciki don gidajen talakawa, ta kuma mai da wa jama'a ƴancin zaɓen wanda zai riƙe wannan amana, domin su sami wanda za su tuhuma idan ya ci ta. Ba a auna manufar muhalli da yawan harsashin da ministoci suka aza a gaban ƴan jarida. Ana auna ta ne ranar da hadari ya haɗu a kan Kawar, a ga ko magidanci a Dirku zai kwana cikin ɗakinsa da iyalinsa, ko zai fito da su waje don tsoron bango.