RA'AYINMU: Ɗan Kallo Ma Yana Da Hannu

A da, mutumin da ke son zuwa gidan caca ko gidan magajiya sai ya jira dare ya raba, ya ja hula, ya bi ta lungu, domin tsoron kada ya yi kiciɓis da wanda ya san ubansa. Yau kuwa irin waɗannan wurare sun koma cikin wayar hannu. Akwai zauruka a Telegram da WhatsApp da Facebook waɗanda ba abin da ake yi a cikinsu sai rarraba hotunan tsiraicin 'ya'yan mutane, da cin mutunci, da koyar da damfara. Wanda aka kama a ciki amsarsa ɗaya ce: ni ban sa kome ba, kallo kawai nake yi.

To, wannan amsa ita muke so mu auna, kuma abin da ya faru a ƙasar Koriya ta Kudu ya isa ma'auni.

Daga ƙarshen shekarar 2018 zuwa watan Maris na 2020, wasu samari a can sun buɗe zauruka a Telegram, inda suke yaudarar mata da alkawarin aiki, su karɓi hotunansu da adireshinsu, sa'an nan su tilasta musu yin abubuwan da alƙalami ba zai iya rubutawa ba, a ɗauka a nuna. Lokacin da aka kama babbansu, Cho Ju-bin, 'yan sanda sun ce matan da ya zalunta sun kai 74, kuma 16 daga ciki yara ne. Ba kyauta ake shiga ba. Hawa-hawa ne, kuma kuɗin shiga babban zaure ya kai won miliyan ɗaya da rabi, watau fiye da dala 1,000. A ƙarshe kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar masa da ɗaurin shekara 42 a cikin 2021.

Su wa suka biya wannan kuɗi? 'Yan kallo. Su wa suke neman a ƙara, har ma su faɗi irin wulaƙancin da suke so a yi wa yarinya gobe? Su ne dai. Ko wanda bai biya ko sisin kwabo ba, yawansu ne abin da ake tsorata yarinyar da shi, domin abin da ake ce mata shi ne dubban idanu za su gan ta in ta ƙi. Maroƙi ba ya tsayawa a filin da babu kowa. Majalisar dokokin Koriya ta gane haka, shi ya sa a cikin 2020 ta gyara doka, ya zama kallon irin waɗannan hotuna kaɗai, ko ajiye su, laifi ne mai jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 3. A nan gida ma, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta mallakar hotunan batsa na yara, ba sai wanda ya ɗauka kaɗai ba.

Saboda haka a ganinmu kunyar da jama'a ke ɗora wa mai zama a irin waɗannan zauruka tana da tushe. Mun fi damuwa da wannan ne domin mafi yawan masu karanta wannan shafi baƙi ne a inda suke. Saurayin da ya baro gida yana gadi a Ikko, ko yana dako a kasuwar Mile 12, ko yana kwana a Sabo ta Badun, ba shi da wa ko kawu da zai leƙa kafaɗarsa, ga dare mai tsawo, ga waya a hannu. Zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa.

Amma fa akwai inda muke jan burki. A Koriya miliyoyin mutane sun sa hannu a takardun neman a bayyana masu laifin, har da neman a buga sunan duk wanda ya taɓa shiga zaurukan. Fushinsu abin fahimta ne, sai dai an riga an ga inda irin wannan ke kaiwa. A cikin 2015 wasu suka fasa rumbun Ashley Madison, wani kamfanin ƙasar Kanada da ke haɗa ma'aurata masu neman cin amanar aure, suka watsa bayanan mutane fiye da miliyan 30. Ashe kamfanin ba ya tantance adireshin imel, watau kowa na iya yin rajista da na maƙwabcinsa. Aka yi wa mai laifi da mara laifi kuɗin goro. 'Yan damfara suka bi sunaye suna neman kuɗin toshiyar baki, aure ya mutu, aka kuma ba da labarin waɗanda suka kashe kansu. Ba alƙali, ba shaida.

Haka abin yake a tsakaninmu. Ana iya jefa lambar mutum a zaure yana barci, ya tashi ya tarar da kansa cikin 'yan iska. Ɗan jarida kan shiga domin ya tona. Ɗalibai mata biyu ne ma suka fara bankaɗo abin Koriya a 2019, kuma sai da suka shiga suka gani. Hoton jerin sunaye ba ya nuna wanda aka jefa da wanda ya kai kansa, balle wanda ya fita nan take da wanda ya shekara.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na zango-zango, idan aka kawo musu irin wannan ƙara, su tambayi abu uku kafin a kunyata kowa: yaya aka yi ya shiga, tun yaushe yake ciki, kuma me ya tura ko ya biya. Wanda aka jefa, a nuna masa yadda zai rufe wayarsa kada kowa ya sake sa shi a zaure sai da izininsa, domin WhatsApp da Telegram duka suna da wannan tsari. Wanda ya zauna da son ransa, a yi masa faɗa a cikin gida. Inda kuwa aka ga hoton yaro ko yarinya, wannan ya wuce sulhu a zauren sarki, a kai wayar ga 'yan sanda kafin a goge kome.