A Kama Shi, Amma A Kai Shi Kotu



Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Daura ya san shingayen jami'an tsaro da ke kanta, ya kuma san irin gudun da wasu 'yan acaba da direbobin haya ke yi, musamman ranar kasuwar Mashi. Da yawa daga cikinmu wannan titi muke tsallakawa safe da rana. Shi ya sa nake ganin duk wanda aka samu yana tuƙi cikin maye, a kama shi a kai shi kotu. Kada a karɓi na goro a sake shi, kada kuma a jibge shi a bayan kanta.

Wasu na ɗauka tuƙi cikin maye matsalar masu shan giya ce kawai. A wajenmu ƙwaya ce ta fi ɓarna: tiramol, kodin, wiwi da sholisho. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mayar da shi abin sha. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da su. Na'urar da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC ke ba direba ya hura, giya kawai take aunawa. Wanda ya haɗiyi ƙwaya zai iya wucewa lafiya lau in takardunsa sun cika. Don haka ya kamata jami'an da ke kan shinge su riƙa duba halin da direba yake ciki kamar yadda suke duba lasisi, su kuma haɗa hannu da hukumar NDLEA wajen gwaji.

Sai dai shi ma kamun yana da ƙa'ida. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a faɗa wa wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. In akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko ƙane a madadin wanda ake zargi, dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Jami'in da ya tsallake waɗannan shi ma ya karya doka.

Na san za a ce yaron nan shi ke ciyar da mahaifiyarsa, a yi masa haƙuri. Nan da nan dattawan unguwa sun cika ofis da roƙo, kafin magariba ya koma kan babur. Tausayi abu ne mai kyau, amma yarinyar da zai kaɗe gobe ita ma 'yar wani ce. Alƙali ne ke da hurumin saurarar uzurinsa, ya sassauta masa ko ya hukunta shi.

'Yan uwa ɗalibai, in kun ga ɗan acaba idonsa ya yi ja, maganarsa na sarƙewa, kada ku hau, gara ku makara. Wanda bai kai shekara 18 ba, doka ba ta ba shi lasisin tuƙi ba, ko da babur ɗin na gidansu ne. Muna roƙon Malam Shugaban Makaranta ya gayyato jami'an 'yan sanda da na FRSC su yi mana bayani a taron safe, su kuma amsa tambayoyinmu.

Allah ya kiyaye hanya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta